Wace na'urar bidiyo foka ce ba ta saurin cinye kuɗi a Las Vegas?

Istifanus: Barkanmu da yamma jama'a. 'Yan Vegas kuna ina, tambaya gareni dan Allah. Wurin aikinmu zasu turamu taro can ƙarshen wata, na ware dala 200 nace ko ta ƙare ko ta dawo bazan ƙara sisi ba. Bana son injinan nan masu juya hotuna, wani abokin aikina yace in dai zan taɓa to in nemi bidiyo foka, wato wasan karta a allo da ake baka karta biyar ka riƙe wasu a canza maka sauran, don ita ce lissafinta yake a fili. To na duba naga sunaye rututu, Jacks or Better, Bonus Poker, Double Double Bonus, Deuces Wild, duk kaina ya ɗaure. Wacce ce zata barni in zauna awa uku ko huɗu kuɗin basu gudu ba?

Alhaji Mamman: Istifanus ɗana, kafin kowa ya baka amsa bari in faɗi nawa. Caca caca ce ko da karta ake yi a gindin bishiya ko da kwamfuta a otal mai hawa hamsin. Mu a wurinmu Allah Ya hana, aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya wuri ɗaya, kuma nasan kai ma fastonku bazai sa maka albarka a kai ba. Dala 200 in ka tura Jos ai ta yi wa wani abin kirki.

Istifanus: Gaskiya ne Baba Alhaji, bazan yi musu da kai ba, kuma nagode. Ban ɗauke ta sana'a ba wlh, so nake dai in san abinda zan tarar don kar in shiga da ka.

Ɗanladi: To ni gyaran injinan nan ne abincina a garin nan, bari in gaya maka abu na farko. Kar ka kalli sunan wasan, kalli jadawalin biya da yake saman allo. A Jacks or Better layi biyu ne zaka duba a ginshiƙin farko, ful-hawus (karta uku masu lamba ɗaya da wasu biyu masu lamba ɗaya) da fulosh (duka biyar masu alama iri ɗaya). In kaga 9 da 6 ita ce cikakkiya, tana mayar da kashi 99.54 cikin ɗari in mutum yana riƙe kartar da ta dace kowane zubi. In kaga 8 da 5 ta sauka 97.30. In 7 da 5 ne 96.15, in kuwa 6 da 5 ne 95 cif. Wasa ɗaya, karta ɗaya, kiɗa ɗaya, akwati ɗaya, lamba biyu kawai aka taɓa. Kamar masu awo ne biyu a layi ɗaya a kasuwa, ɗaya an buga wa mudunsa gindi, in baka ɗaga ka duba ba bazaka sani ba.

Istifanus: Tsakanin 99 da 97 ai ba wani nisa bane ko? kashi biyu ne fa

Hauwa'u: Yaya Istifanus nisan yana da yawa, don ba a kan dala 200 ɗinka ake cire kashin ba, a kan duk kuɗin da ya ratsa ta cikin injin ne, har wanda ka ci ka sake zubawa. Injin kwata, wato mai kwabon santi 25, zubi cikakke kwabo biyar ne, dala 1.25 kenan. Wanda hannunsa ya saba yana iya zubi 600 a awa, kaga dala 750 ta ratsa a awa ɗaya alhali 200 ce a aljihunka. A 9/6 rabon gidan kashi 0.46 ne, wajen dala 3.45 a awa. A 8/5 kashi 2.70 ne, dala 20.25 a awa. Kusan ninki shida kenan saboda lamba biyun da Malam Ɗanladi ya faɗa. Ni ban taɓa zama gaban injin ba kuma bazan zauna ba, amma lissafin yiwuwa nake karanta kuma wannan yana cikin misalan da ake bamu, don hannun farko na karta biyar daga cikin 52 iri 2,598,960 ne kacal, kwamfuta tana ƙirge su tas, shiyasa lambobin nan ba hasashe bane.

Yusuf B: Ni dai gsky Jacks or Better barci take sani. Ka zauna awa biyu kana cin kwabo biyar kana rasa biyar, me aka yi kenan? Double Double Bonus ita ce wasa. Kartar A guda huɗu su zo maka da 2 ko 3 ko 4 a gefe kwabo 2000 ne, dala 500 a injin kwata, rabin royal fa kenan, wato 10, J, Q, K da A masu alama iri ɗaya da tafi komai biya. Kuma ita ma akwai 9/6 ɗinta ai, to meye bambancin

Ɗanladi: Yauwa Yusuf ka taɓo tarkon da yafi kama baƙi. 9/6 na Double Double Bonus ba 9/6 na Jacks bane, nata 98.98 ne. Sauka ƙasa ka duba layin tagwai biyu, wato kamar 7 biyu da K biyu, a Jacks ka zuba biyar a baka goma, a Double Double kuɗinka kawai ake mayar maka, biyar a biyar. Daga nan aka kwashi kuɗin da ake biyan waɗancan A huɗun naka, ba kyauta gidan ya yi ba.

Hauwa'u: Kuma tagwai biyu ba baƙo bane, kusan sau ɗaya yake zuwa a zubi takwas. A awa ɗaya sau 70 da wani abu kenan, kowanne an rage maka dala 1.25, kaga sama da dala 90 a awa an ɗauke daga abinda yake riƙe ka a kujera an kai wurin 'yan huɗu, wato karta huɗu masu lamba ɗaya. Su kuma 'yan huɗu kowane iri ne sai wajen zubi 420 suke leƙowa sau ɗaya, A huɗu da ƙaramar karta a gefe kuwa wajen zubi 16,000. In sun zo da wuri kayi dariya, in sun makara 200 ɗin nan zata narke kana kallo, kuma makararsu ba abin mamaki bane, kusan mutum ɗaya cikin goma zai yi zubi dubu bai ga 'yan huɗu ko ɗaya ba. Wannan hawa da saukar shi ake aunawa da bariyans. Na Jacks 9/6 wajen 19.5 ne, na Bonus Poker 8/5 wajen 21, na Deuces Wild cikakkiya wajen 26, Double Bonus 10/7 wajen 28, Double Double 9/6 kusan 42, Triple Double Bonus kuma ta doshi ɗari. Yaya Istifanus cewa yayi yana son ya daɗe a zaune da ɗan kuɗi, to amsarsa tana ƙasan jerin nan ba samansa ba.

Yusuf B: Amma ai ba kowa ne yazo daɗewa ba Anti. In 200 ce dani kuma na riga na sallama ta, gara in nemi inda zata iya zama 500 ko 700 a dare ɗaya da in zauna ana tsotse ta a hankali. A Jacks in ba royal ba me zai ɗaga ka? 'yan huɗu dala 31 ne fa kacal

Hauwa'u: Wannan maganar taka tana da tushe, ban ƙi ba. In burinka ka ninka kuɗi sau uku ka tashi, wasa mai hawa da sauka ya fi baka dama, amma da sharaɗi biyu, ka yarda cewa mafi yawan darare da wuri zaka koma ɗaki hannu rabbana, kuma in ta ninku ka tashi da gaske. Sharaɗi na biyun ne mutane basa cikawa. Abinda bana so shine a ce wa mutum 98.98 da 99.54 kusan ɗaya ne sai ya ɗauka zaman ma iri ɗaya zai kasance.

Garba Direba: Slm. Ni tuƙi nake a garin nan dare da rana, bari in faɗi abinda ido ya gani ba lissafi ba. Baƙi suna ɗauka caca a Strip take, wato babban titin manyan otal-otal ɗin caca, a'a, mutanen gari a unguwa suke yinta, injin yana cikin shagon cefane, yana gidan mai, yana cikin teburin mashaya an lafta shi a jikin katako, har filin jirgi kana sauka zaka ji ƙararsa. Akwai wata dattijuwa da nake yawan ɗauka da asuba, katin gidan cacar yana rataye a wuyanta da igiyar roba mai lanƙwasa, tana shiga mota zata fara bani labarin wane inji ne 9/6 wane ne aka rage, ta san jadawalin nan fiye da yadda na san titunan garin, bata taɓa zama kan inji mara kyau ba. Amma sau da yawa sai mun tsaya ta laluba jaka tana haɗa canjin abin karyawa. Sanin inji mai kyau bai hana ta komai ba, ni a ganina ma shi ya bata hujjar komawa kullum.

Alhaji Mamman: Kun ji ko. Allah Ya saka da alheri Garba. Ke kuma Hauwa'u 'yata, da iliminki da tarbiyyarki, ki duba kar ya zama kina gyara wa mutane hanyar zuwa inda bai kamata ba.

Hauwa'u: Na ji Baba, kuma Allah Ya ƙara girma. Niyyata in nuna farashin abin ne a fili. Gidan caca ya fi son wanda bai san lissafi ba, shi yake zama kan 6/5 yana cewa sa'a ce bata zo ba. Kuma bari in ƙara wani abu da zai goyi bayan maganarka, ita kanta 99.54 ɗin akwai royal a cikinta, kusan kashi 2 cikin ɗari daga gareshi yake, shi kuma sau ɗaya yake zuwa a wajen zubi 40,000, awa 60 da wani abu kenan ana dannawa ba tsayawa. A zaman awa huɗu damar ganinsa bata wuce kashi 6 cikin ɗari ba. To wanda bai ganshi ba a kan 97 da rabi yake wasa, wajen dala 18 a awa, awa huɗu sama da 70. Kai ko wanda ya cika zubi 40,000 ɗin, fiye da mutum ɗaya cikin uku bazai ganshi ba sam.

Istifanus: Kai. To wannan ba wanda ya gaya min. Ni na ɗauka in na sami 9/6 dala uku zan riƙa rasawa a awa shikenan

Ɗanladi: A takarda haka ne, a kujera ba haka bane. Kuma duk lambobin nan na wanda baya kuskure ne fa. Misali an baka 4 biyu da K ɗaya, mutane da yawa K suke riƙewa su zubar da tagwan, ko su riƙe tagwan su haɗa da K wai ko zata yi amfani, duka biyun asara ne, tagwan kaɗai ake riƙewa. An baka fulosh a hannu amma huɗu daga ciki na royal ne, fasa shi ake yi a nemi royal. Kowace wasa kuma da nata, a Double Double in tagwai biyu suka zo ɗaya na A ne, tagwan A ɗin kaɗai ake riƙewa, wanda a Jacks ba'a yin haka. Shiyasa nake ce wa baƙo ya tsaya kan wasa ɗaya. Akwai manhajoji na koyo kyauta a waya da suke nuna maka in ka riƙe ba daidai ba, ka yi ta yi a jirgi kafin ka sauka.

Murtala: To ni naji ance akwai wadda ta haura ɗari bisa ɗari, Deuces Wild, wai mai wasa ne yake da rinjaye akan gidan. In haka ne me ya hana kowa ya zauna kanta?

Ɗanladi: Akwai ta a lissafi, 100.76, wadda kowace 2 take zama duk kartar da kake so, alamarta 'yan huɗu su biya 5, ful-hawus 3, fulosh 2. Double Bonus 10/7 ma 100.17 ce. Amma gidajen ba wawaye bane, sun kwashe yawancinsu, in ma ka tarar to a ƙananan kuɗi ne a gidajen unguwa ba a Strip ba. Kuma Deuces tafi kowacce ruɗa baƙo don jadawalinta iri-iri ne, zaka ga wata ful-hawus 4 fulosh 3 ka ɗauka ta fi, alhali an rage 'yan huɗu zuwa 4, su kuma a wasan nan suna zuwa sosai. Mai kyau a cikin masu biyan 4 ɗin ita ce mai 16 da 10 a layin 'yan biyar da jerin fulosh (fulosh mai lambobi a jere), tana bada 99.73, yawancin sauran ƙasa suke.

Hauwa'u: Ka ma ɗauka ka same ta Malam Murtala. Kashi 0.76 na dala 750 dala 5.70 ne a awa, bai kai mafi ƙarancin albashin awa na tarayya ba wanda yake 7.25, kuma sai ba kuskure ko ɗaya, sai kana da dubban daloli a gefe da zasu ɗauki faɗuwar kafin royal da 2 huɗu su zo su cike ramin. Mai dala 200 bashi da wannan numfashin.

Yusuf B: Amma kun manta kati. In ka sa katin gidan suna baka maki, abinci kyauta, wani lokacin ɗaki, in ka haɗa da 99.54 ai ka kusa ɗari ko ka wuce

Garba Direba: Yusuf ƙanina wannan katin shine a wuyan dattijuwar da na baku labari. Abincin dala 15 suke baka don ka ƙara awa uku.

Ɗanladi: Kuma yawancin gidaje maki da suke bayarwa a bidiyo foka ya gaza na sauran injina, wasu ma injin da jadawalinsa yafi kyau sai su liƙa masa takarda cewa makinsa ragagge ne. Mai zuwa taron kwana uku kar ya sa wannan a lissafi.

Istifanus: To tambaya ta gaba, kowa cewa yake dole in zuba biyar ɗin nan cikakke. Dole ne?

Ɗanladi: Dalilinsu royal ne. Kwabo ɗaya zuwa huɗu ana biyan 250 kan kowane kwabo, na biyar ne yake tsallakawa 4000 gaba ɗaya, wato 800 kan kowanne. In baka cika ba 9/6 ta sauka 98.37. Ni shawarata kullum ka sauka ƙaramin inji ka cika biyar, da ka hau na dala kana zuba ɗaya. Na taɓa tsayawa kusa da wani da royal ta fito masa da kwabo ɗaya a injin dala, aka bashi 250 maimakon 4000, mutumin nan ko motsi bai yi ba ya daɗe yana kallon allon, bana so in ga haka ta sami ɗan'uwa.

Hauwa'u: Anan kam zan ɗan saɓa maka Malam Ɗanladi. Kashi daban, dalar da take fita aljihu daban. Kwabo ɗaya a injin kwata 9/6, dala 150 ce take ratsawa a awa, kashi 1.63 nata dala 2.45 ne, ƙasa da 3.45 na mai cika biyar, kuma 200 ɗinsa ta zama zubi 800 maimakon 160. In kuma ka ce ya sauka injin santi biyar ya cika, to kai ka sani ƙananan injinan su aka fi yanke wa jadawali, in 7/5 ce dala 5.78 a awa kenan a kan wannan 150 ɗin. Ga wanda daɗewa yake nema ba royal ba, kwabo ɗaya a jadawali mai kyau ya fi biyar a mara kyau.

Ɗanladi: Lissafinki daidai ne, ban ja ba. Ni dai fuskar mutumin can nake tunawa. Istifanus kai zaka zaɓa wanne zaka iya ɗauka.

Murtala: Wani kuma yace in kaga inji an daɗe ana zuba masa bai biya ba to ya cika, ka zauna zai amayar. Tunda kai kake buɗe cikinsu Ɗanladi gaya mana gsky

Ɗanladi: Ƙarya ce wlh. Injin bashi da tunanin jiya. Dokar Nevada ta ce in inji yana nuna karta to kowace karta damar fitowarta ta zama daidai da ta karta 52 ta gaske, kuma kowane zubi sabon garwayi ne. Ba wani maɓalli a ofis da ake dannawa a hana ka ci, basa buƙata ma, jadawalin ya riga ya yi musu aikin a gaban idonka. Abinda zaka kula dashi shine akwati ɗaya irin Game King yana ɗauke da wasanni da yawa da kuɗi hawa-hawa, ka duba a dala kaga 9/6, ka danna ka koma kwata ya zama 8/5 baka lura ba. Duk sanda ka canza wani abu sake karanta layukan nan. Sannan ka nisanci masu layi uku ko goma a lokaci ɗaya, Triple Play a kwata dala 3.75 ce kowane dannawa, Ten Play 12.50, 200 ɗinka dannawa 16 ce kenan.

Istifanus: Na fahimta yanzu. Jacks 9/6 in na samu, in babu Bonus Poker 8/5 naga Hauwa'u ta sa ta kusa da ita, ita nawa take mayarwa?

Hauwa'u: 99.17, kuma tagwai biyu suna biyan biyu kamar Jacks, shiyasa bata da girgiza sosai. Amma ka tabbata Bonus Poker ce zalla, ba Double a gaban sunan.

Alhaji Mamman: Ni dai ina nan kan bakata, ban sa hannu ba. Kuma matasan da suke karantawa basa magana, musamman 'ya'yanmu musulmi, kar wani ya ce a zauren nan aka bashi izini. Wanda kuma ya san abin ya riga ya kama shi, yana ɓoye wa matarsa takardar banki, ya kirani a gefe, ba mai jin sunansa, zamu nemi masu taimako tare.

Garba Direba: Ni ma a sa ni ciki Baba, akwai zaman Gamblers Anonymous, ƙungiyar masu neman daina caca, a garin nan kusan kullum, zan kai mutum a motata kyauta.

Saratu: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Mu nan Oklahoma muke, maigidana yana zuwa wani gidan caca na ƙabilun asali kusa damu, yace shima bidiyo foka yake yi. Duk lissafin nan ya shafi nasu?

Ɗanladi: Ya danganta Anti Saratu. Dokar tarayya ta 1988 ta raba cacar ƙabilu aji-aji, aji na uku shine irin na Vegas, aji na biyu kuwa bingo ne a ciki ko da an yi masa fuskar karta, sakamakon ya riga ya fito daga bingon kafin ya zaɓi abinda zai riƙe, don haka jadawali da iya riƙe karta basa gaya maka komai. Oklahoma akwai duka biyun. Ki ce ya duba kusurwar allon ko samansa, in yaga ɗan ƙaramin katin bingo yana canzawa duk dannawa to aji na biyu ne.

Saratu: Na tambaye shi yanzu, yace akwai shi kuwa a sama ta hagu, shi duk zatonsa ado ne.